Ƙishirwar Keziah

Ni na kulle wa matata ruwa. Kwana biyu na yi haka, ina ganin daidai nake yi.

Bara Keziah ta faɗi a gonarmu ta Dabai. Muna isa asibiti zuciyarta ta tsaya. Suka yi ta danna ƙirjinta har ta dawo. Da aka sallame mu harshenta ya yi nauyi, amma ta san ni.

Sai ƙishirwa. Ta shanye moɗa, ta zaga bayan gida, ta dawo ta sake cikawa. Randa guda ba ta kai ta la'asar. Maƙwabta suka ce ciwon sukari ne. Na sa ta yi fitsari a kan dutse, na tsaya ina kallo. Ko kiyashi ɗaya bai zo ba. Na ce to ba ciwo ba ne, sangarta ce. A soja gora ɗaya ke kai mu wuni. Na auna mata kofi shida, na sa wa ɗakin randa kwaɗo.

Rana ta biyu leɓenta ya tsage, ta kira ni da sunan ubanta.

Da na mayar da ita asibiti, likita bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Baba, da zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta rasa jini. Wurin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa ya taɓu. Abin da ta sha zuba yake yi, babu sukari a ciki. In ka hana ta, bushewa za ta yi." Ya ba da ƙwaya, safe da yamma.

Ban iya ba da haƙuri ba. Randa ta biyu na saya. Shekara bakwai na yi wa ubanta golmo, noman neman aure, kafin a ba ni ita. Ɗiban ruwa ba zai kashe ni ba. Matan bakin rijiya na ta tsokanata: "Sajan, an samu ƙarin girma." Keziah kuwa ta yi ƙiba, tana barci.

Jiya 'yarmu Joyce ta zo daga Kaduna da mota.

"Mama, haɗa kayanki. Can akwai famfo. Baba ya kusa kashe ki."

Gaskiya ta faɗa.

Keziah na ɓarar gyaɗa a inuwa, ba ta ɗaga kai ba.

"Shekara arba'in da biyu ina masa tuwo, sai bana ya san hanyar rijiya. Yanzu zan bar shi ya huta?"

"Mama, don Allah."

"Ba ni zuwa."