Ranar da Aka Yi wa Katanga Fenti

A gidan yari ba mai gaya maka komai. Mu 'yan jiran shari'a, Mai Aski ne rediyonmu. Fursuna ne kamarmu, amma shi ke yi wa gandirobobi aski, su kuwa da sun ji aska a ƙeya sai baki ya buɗe.

Ran nan ya dawo da sauri. Ya ce, "An sayo fenti! Babban alƙali zai zo. Duk wanda ya daɗe ba a kai shi kotu ba, sallamarsa za a yi."

Duk muka juya muka dubi Baba Tela. Da baƙin gashi ya shigo kan rigimar keken ɗinki, yanzu kansa fari fat, ko ƙofar kotu bai taɓa gani ba. Muka wanke masa riga, aka gyara masa gemu. Ni na zama alƙali, yana maimaita jawabinsa a gabana har ya haddace. Bargonsa ma kyauta ya bayar.

Ranar zuwan, babban gandiroba ya leƙo. "Baba, kai ka fi kowa daɗewa, ko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe!"

Aka zuba shi a mota da sauran waɗanda suka daɗe, aka kai su gona cirar ciyawa. Alƙali ya zo, ya yaba fenti, ya tafi abinsa.

Da yamma Baba ya dawo, riga duk laka. Ya tsaya gaban wanda ya ba bargon, ya miƙa hannu.