Ƙwaro a Jikin Mai Ƙwari

Kwamfuta, caja, tsohon tabarau a cikin gidansa, da kwalbar gilashi mai hudajjen murfi. A cikin kwalbar akwai ɗan reshe, a jikin reshen akwai tsutsa da ta naɗe kanta cikin ƙwanso, ko motsi ba ta yi. Abin da Auta ta ɗauko ke nan. Tana zaune a kujerar baya ta bas, ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyinta.

Matar da ke kusa da ita ta leƙo. "'Yar nan, magani ne?"

"Shaida ce," in ji Auta.

Kamfanin da za ta na yayanta ne, ɗaki biyu a saman wani shagon taya. Wasan waya suke yi, irin wanda yaro zai yi ta yawo yana kama dodanni, ya rene su, ya kai su su kara da masu tsaron ƙofofi. Kashi biyu sun fita, na uku ƙarshen mako za a sake shi. Da ta dawo daga karatu Yaya ya ba ta aikin zane, ya kuma bar mata mai tsaron ƙofa guda ta yi yadda take so.

Ta yi wani tsoho mai ɗan rankwafo, tabarau a bakin hanci, dodanninsa duk ƙwari ne. Ta sa masa suna Mai Ƙwari, don sunan ya ci biyu: ƙwari masu rarrafe, da ƙwari na ƙarfi. Faɗansa ma haka yake. Zai sako tsutsotsi masu laushi, kana dukansu sai su shige ƙwanso su yi shiru. Mai gaggawa zai ƙarar da ƙarfinsa a kan ƙwanson, in ya tsage abin da ya fito ya gama da shi. Wanda ya jira, ya kare kansa, shi ke wucewa.

Yau da safe ta buɗe wasan da aka kammala, ta kayar da tsohon kafin shayinta ya huce. Babu ƙwanso. Tsutsotsin sun mutu a bugun farko, tsohon ya yi atishawa, ya faɗi rigingine yana wutsil-wutsil da ƙafafu kamar kyankyaso.

Da ta sauka daga bas, ta hau matakala ba ta amsa gaisuwar mai taya ba. A ɗakin farko Injiniya, wanda ke haɗa wasan, yana cin burodi a kan teburinsa. Ta dire kwalbar kusa da hannunsa.

"Mene ne wannan?" ta tambaye shi.

Ya matso da fuska. "Busasshen ganye?"

"Ya mutu ko yana da rai?"

"Hajiya Auta, ko gaisawa ba mu yi ba, an fara jarrabawa."

"Wa ya cire ƙwanson Mai Ƙwari?"

Injiniya ya ajiye burodin. A ofishin nan, duk matsalar da ta maƙale a cikin wasa ƙwaro suke ce mata. "Masu gwaji ne suka ce akwai ƙwaro a wajen Mai Ƙwari. Na ce to ai gidansu ne, a ina kuke so su zauna? Suka ce a'a, da gaske, dodanninsa na sanƙarewa, a yi ta duka ba sa motsi. Na duba, na ga haka ne. Na gyara."

"Ka gyara."

"Na ɗauka wasan ne ya tsaya."

"Teburina ga shi can. In na yi tari kana ji. Ba ka iya juyowa ka tambaya ba?"

"Da na gane daga baya na faɗa wa Manaja, yayanki. Ya ce a bar shi haka." Ya ɗaga hannuwa biyu. "Atishawar kuma wallahi ba ni ba ne."

Ta ɗauki kwalbar ta tura ƙofar ciki ba sallama. Yaya yana waya. Ya ga fuskarta, ya ce wa na cikin wayar zai kira.

"Auta, zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"To. Na san abin da ya kawo ki. Kuskure ne, amma kuskuren ya fi abin da kika yi. Mun ba masu gwaji tsohon naki, rabinsu suka ajiye waya. Da aka cire ƙwanson, kowa ya wuce yana dariya."

"Don ba a faɗa masu su jira ba. Akwai maganar da tsohon ke yi kafin faɗa. Ita ma kun yanke."

"Ba wanda ke karanta maganar tsoho. Can inda kika yi karatu wataƙila mutum na da lokacin zama yana kallon abin da ba ya motsi. Masu wasanmu waya ce ta aro, cajinta saura kaɗan, mai ita na tsaye a kansu. Ki ce su jira? Kuma ƙwari ne fa. A kowane wasa ƙwari na farkon hanya ne, a take su a wuce."

"Shi ya sa na yi shi. Don a zo da raini a sha mamaki."

"Mamaki ba ya riƙe ɗan wasa."

Ta ajiye kwalbar a kan takardunsa. Ta buɗe gidan tabarau, ta fito da shi, ta ajiye a gefenta. Hannu ɗaya na tabaraun ɗaure yake da zare.

Yaya ya dubi tabaraun, ya kawar da kai.

Mahaifinsu, mai tabaraun, malamin kimiyya ne har ya rasu. Tagar ɗakinsa kullum cike take da irin wannan kwalba. Yakan zaunar da su a gabanta ya hana su taɓawa. Yaya ya taɓa tsage ƙwanso da allura don ya ga abin da ke ciki, Baba bai dake shi ba, ya dai sa shi ya zauna ya kalli abin har ya daina motsi.

"Ka san fuskar wa ke jikin tsohon nan," in ji ta.

"Na sani tun ranar da kika fara zana shi. Har zaren kika sa."

"Ka sani, ka sa aka kwantar da shi rigingine."

"Zane ne, Auta. Baba na kabarinsa, atishawar waya ba ta kai masa."

"Inna ta ce in wasan ya fito in nuna mata shi. Kai za ka riƙe mata wayar ko ni?"

Ya ɗauki biro, ya ajiye.

"Ka mayar da ƙwanson," ta ce. "Aikin yini ne. Injiniya bai goge ba, kashewa ya yi."

"A'a."

"Ko a rage jiran."

"Na ce a'a. Kashi na biyu ya kusa rufe mana ofis saboda irin wannan taurin. Akwai mutanen da ke ci a nan, ba zan sake gwadawa ba don ki ji daɗi. Ke kin iya zane, ni na san masu wasa."

"Ka san masu wasa. Abin da ba ya motsi dai har yanzu allura kake kai masa."

Fuskarsa ta canja. "Ni yayanki ne. Ki iya bakinki."

"Shi ya sa na zo da baki. Da wani ne, da ban hau matakalar nan ba."

Daga ɗakin farko Injiniya ya yi gyaran murya. "Manaja, ko dai a yi biyu? Mai sauƙi da mai..."

"Ci burodinka," suka ce tare.

Auta ta mayar da tabaraun gidansa, ta sa a jaka. Kwalbar ta bar ta inda take.

"Ɗauke wannan abin daga teburina."

"Ya zauna. In ka gaji da kallonsa, akwai allura a aljihun teburin Injiniya."

Ta fita, ta ratsa ɗakin farko, ta shiga ɗan lungun da aka yanka mata da katako, inda allon zanenta yake. Yaya ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Me za ki yi?"

Ta kunna kwamfutar, ta buɗe zanen tsohon. Rankwafon, hancin, zaren da ke hannun tabarau. Ta tashi ta kama ƙofar, sai da ya ja ƙafarsa baya, ta rufe.

"Wasan naka ne, ka sake shi yadda kake so," ta ce ta bayan katakon. "Kafin a tashi aiki zan ba ka wawan da zai yi maka atishawa. Fuskar Baba zan cire, da sunan. Kashi na huɗu kuma ka nemi mai zane."