Gefen da Dzarma Bai Juya Ba

"Ya ce me?" Ba'ana ya dire butar hannunsa har ruwa ya fallatso mini a ƙafa. "Sake faɗa, Tahir."

"Ya ce ka kai masa faifan nan mai jan kwali. Yana son ya ji ɗaya gefen."

"Wane ɗaya gefen?"

"Ya ce bai taɓa juya shi ba."

A shekarar da aka kashe layukan waya ne, don haka da kaina na kawo saƙon Dzarma daga Jiddari Polo zuwa Moduganari, rabi a Keke, rabi a ƙasa, hannuwa a sama a gaban shingen sojoji. Dzarma maƙwabcina ne, katanga ɗaya, tsohon akawu daga kudancin Borno. Ciwon hanta ya cinye shi, asibiti sun sallamo shi gida. Shi da Ba'ana mai sayar da tayoyi tun suna samari suke tara faifan garmaho na kiɗan rege, kuma tun suna samari suke faɗa a kan faifai guda. Ba'ana ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Dzarma ya ce shayi ne da aka cika wa madara, an yi shi don Turawa, duk mai yabonsa kunnen wasu ya aro.

"Shekara sama da talatin!" Ba'ana ya yi tsawa. "A majalisa, a gidan biki, a gaban 'ya'yana, yana ce mini kurma. Ashe rabi ya ji? Waƙoƙin da nake magana a kansu duk a baya suke!"

"Mutuwa zai yi, Ya Ba'ana."

"Ya mutu da jahilcinsa."

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi kaɗai ba. Ni tela ne, ban san komai a rege ba, amma sau nawa na maimaita wa mutane hukuncin Dzarma kamar nawa? Na yi shaida a kan abin da ban ji ba, bisa maganar wanda shi ma bai ji ba. Na huce a kan wanda ke gabana.

"Kai ma ai ba ka jin sa," na ce. "Ka binne shi kamar mushe."

Gaskiya ne. Tun da aka fara raɗe-raɗin cewa yaran daji masu bindiga suna lura da gidajen da kiɗa ke tashi, Ba'ana ya naɗe faifansa a leda, ya zuba a akwatin ƙarfe, ya haƙa rami a garken awaki. Ya dube ni kamar zai mare ni. Sai ya shiga ciki ya fito da fartanya.

"Ba don shi ba," ya ce. "Don faifan."

Gara ta shiga akwatin. Ta cinye jan kwalin, ta bar faifan tsirara. Ba'ana ya ɗaga shi ga rana, ya duba ko ya lanƙwashe, ya tura shi cikin babbar rigarsa.

Bayan azahar muka iso. Phebe, 'yar Dzarma, ta tare mu a ƙofa.

"Kawu Tahir, tun ɗazu yake tambaya. Sannu da zuwa, Baba."

Ba'ana bai amsa ba. Ya wuce ɗakin da tsofaffin faifai ke jere a tsaye jikin bango, ya tsaya a gefen katifar da Dzarma ke kwance.

"Akawu. Maƙaryaci."

Dzarma ya buɗe ido, sun yi rawaya. "Wushe, sannu, Ba'ana. Ka tsufa."

"Me ya hana ka juyawa?"

"Gefen farko ya ishe ni. In ka ɗanɗana miya ka ji sukari, sai ka shanye tukunyar?"

"To yanzu me ya kawo tukunyar?"

Dzarma ya ja numfashi. "Fasto ya zo jiya. Ya ce in akwai wanda na zalunta, in gyara. Na duba, na duba. Mutane dai na roƙe su. Saura wannan faifan."

"Ni fa? Ka roƙe ni?"

"Sai na ji tukuna. Wataƙila ni ke da gaskiya."

Wallahi na so in fita. Mutum yana bakin kabari, yana ciniki da tuba.

Babu wuta, sai na jawo ɗan janaretona na shago ta kan katanga. Phebe ta rufe tagogi, ta roƙe mu kada a ƙara murya, unguwa ba lafiya. Ba'ana ya ce ba a jin rege da raɗa, kuma kunnen Dzarma ya yi nauyi. Suka yi ta ja-in-ja, har na cire lasifikar daga kan kantar ɗakin na kwantar da ita a kan katifa, jikin haƙarƙarin mara lafiyan. Ba'ana ya hure allurar garmahon, ya juya faifan, ya sauke ta.

Ni abin da na ji kaɗan ne. Amma na ga zanen gadon yana rawa. Dzarma ya ɗora tafinsa a kan lasifikar, ya rufe ido. Ba'ana bai zauna ba. Yana tsaye, hannu a ƙugu, yana gadin fuskar kamar mai jiran alƙali.

Waƙoƙin suka ƙare.

"To?" in ji Ba'ana.

"Sake sawa."

"Ka fara faɗa."

"Sake sawa, mai tayoyi."

"Ba zan sa ba! Ka ji, ka faɗa. Ba ka da wata shekara talatin ɗin da za ka ɓata mini!"

"Baba," Phebe ta ce wa Ba'ana, "don Allah."

Ya dube ta. Ya yi tsaki, ya mayar da allurar farko.

A tsakiyar waƙa ta uku tafin Dzarma ya zame daga kan lasifikar. Phebe ta kira shi, ta sake kira, ta durƙusa ta kifa kanta a ƙirjinsa. Na yi salati a hankali.

Ba'ana ya kama hannun rigata, ya matse har na ji farcensa.

"Tahir, kai shaida ne. Ya ce a sake. Wanda ya ce a sake, ya yarda ke nan."

"Ko kuma bai gama yanke hukunci ba."

"Ya yarda!"

"Ban sani ba, Ya Ba'ana. Wannan karon abin da na ji kawai zan faɗa."

Ya sake ni. Na miƙa hannu zan ɗage allurar, ya doke mini shi.

"Bar shi. Bai ƙare ba."

Muka tsaya a haka, kiɗan yana fita ƙasa-ƙasa ta cikin katifa. Matan maƙwabta sun ji kukan Phebe, sun fara shigowa tsakar gida suna cire takalma. Wata a cikinsu ta kashe janareton. Muryar mawaƙin ta yi kauri, ta ja, faifan ya ci gaba da juyawa a hankali, a hankali, har ya tsaya da allurar a kansa.