Takardar Gwajin Ango

Mai gwajin jini tana wanke hannu sai ga dattijon ikilisiyarsu ya shigo, ya mayar da ƙofa a hankali. Ɗansa zai yi aure ranar Asabar, fasto kuwa ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar asibiti. Ita ta gwada jinin angon da safe, ta samu yana da ƙanjamau.

"'Yata, kalma ɗaya za ki canza," in ji shi.

Ta tuna da amaryar, wadda suke waƙa tare a coci. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ba zan rubuta ƙarya sannan in je cin jibin Ubangiji ba."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Murmushi ya yi, ya tambaye ta ko maigidanta yana jin daɗin tuƙa mota a kamfanin shi dattijon.

Da yamma ta tarar da maigidan a gida, an karɓe masa makullin mota. Ta faɗa masa an nemi ta yi ƙarya, ta ƙi.

"Gara da kika ƙi," ya ce. "Amma dattijon ya ce in gaya miki, gobe zai je wajen shugaban asibitinku."