Sunan da Na Kira a Cikin Zazzaɓi

…to in ce mata me? In ce Aliyya, kashe fitilar nan, naɗe wayoyinki, labarin da kika gina fim ɗinki a kansa ba haka yake ba? Ga ta can a durƙushe tana fama da ƙafafun kyamara. Ta mayar mini da ɗakin ƙasa shagon mai hoto — ta ture kujeru, ta toshe taga da baƙin zane, ƙarfe biyu na ranar Asabar, wai hasken waje yana ɓata mata aiki. Ta zaunar da ni a kujerar cin abinci ta ce kar in motsa. Ni Haula, shekara hamsin da huɗu a duniya, 'yar da na haifa ce ke ce mini kar in motsa. Kuma ga shi ban motsa ba.

Minti goma, in ji ta. In ta gama saiti sai in ba da labarin mayyar da ta kama ni ina ƙarama, daidai yadda na saba ba ta. Ranar Laraba za ta miƙa wa malaminta, digirinta na biyu a kan fim ɗin nan yake rataye. Shekara biyu yarinyar nan tana kallon finafinan tsoro da biro a hannu, wai karatu ne! Babanta Sanusi ya ce mutane na turo 'ya'yansu Amurka su zama likitoci, tamu ta zama gwanar fatalwa. Ni ce ma na tare mata. Na ce a bar ta, ilimi ne. Bakina ne ya jawo mini, wallahi.

Kashi uku ta yi shi. Na farko masu shan jinin nan na Turawa — farar fuska, dogayen fiƙoƙi, kwana a akwatin gawa, tsoron tafarnuwa kamar wasu masu gyambon ciki. Na biyu fatalwowin Japan. Na uku namu, mayu. Ni ce kashi na uku. Uwar da ta kuɓuta daga hannun mayya, ta girma, ta zo Maryland tana ɗibar jinin mutane a asibiti don gwaji… ranar da wannan tunani ya faɗo mata har tsalle ta yi a kicin. Ta ce malaminta ya ce bai taɓa jin irinsa ba. To ina zai ji?

Sau nawa na ba da labarin nan? A gidan suna a Mitchellville, mata an cika falo ana cin waina, wata ta ce Haula ba mu na mayyar nan, sai in gyara zama. Ina 'yar shekara tara, kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Funtuwa, zazzaɓi ya kayar da ni kwana huɗu, wata mata ta kama kurwata. A cikin sambatu na ambaci sunanta — a wajenmu ai shi ke nan, wanda majinyaci ya kira shi ya kama shi. Aka jawo ta, aka tuɓe ta, aka sa ta tsallaka ni sau uku don ta sake ni. Washegari na tashi na sha koko. Sai mata su yi salati, a yi dariya, a ce Allah ya raba mu da mugun iri. Har murya nake canzawa in na zo wajen tsallaken. Na iya labarin, kai, na iya shi.

Wata mata. Kullum haka nake cewa… wata mata.

Aliyya na tambaya ko fitilar ta yi mini zafi a ido. Da Turanci, sai kuma ta kama kanta ta sake da Hausarta mai ɗingishi. Na girgiza kai. Ji fa — Hausa! Yarinyar da tun tana aji uku in na yi mata magana a gaban ƙawayenta sai ta sunkuyar da kai kamar na zage ta. Fim ɗin nan ne ya dawo mini da ita. Ta zo ta zauna a gefen gadona da littafi, Mama mene ne kurwa, Mama ƙanƙarar maita a ciki take ko a baki, Mama da gaske gado ake yi? Shekara ashirin ina jiran ta tambaye ni wani abu game da gida. Da ta tashi tambaya, wannan ta tambaya. Yanzu in buɗe baki in ce… a'a. Da wane ido za ta kalle ni?

Laifin wani fim ɗin Japan ne, shi ya hana ni sakat da labarin nan. Watan jiya ta ja ni wata ƙaramar silima a Silver Spring, da la'asar, mu bakwai ne kaf a ciki har da wani tsoho mai minshari. Na tafi da niyyar in yi mata tsiya. Na Turawan ai dariya suke ba ni, ƙato da baƙar alkyabba yana leƙen taga — mu da muka ga mayu ido da ido? Amma wannan babu ihu, babu jini. Mace ce kawai a tsaye a ƙarshen baranda, farin likkafani, gashi ya rufe fuska, ba ta cewa komai. Ba ta bin kowa da gudu. Tana tsaye. Mutanen gidan na cin abinci, tana tsaye. Na ji gugguru ya zame mini yashi a baki.

A mota Aliyya sai zuba take, cunkoso ya tsayar da mu cik. Wai na Turawa baƙo ne, daga wata ƙasa yake zuwa, kuma ba ya iya shiga gida sai wani na ciki ya kira shi. Na Japan kuwa ba baƙuwa ba ce, ta gida ce, zaluntar ta aka yi, shi ya sa babu tafarnuwa ko addu'ar da ke korar ta, ba jini take so ba, so take a san abin da aka yi mata. Sai ta juyo ta ce, “Mama, taki fa? Wacce ce a ciki?” Na ce ta bar ni in ji da tuƙi, motar da ko motsi ba ta yi.

Sai wani na ciki ya kira shi…

Iya Yashim, sunan matar ke nan. To, na faɗa, ko da a zuci ne. Iya Yashim, ƙofarki na kallon tamu. Ke ce kike mini kitso ranar Juma'a, kaina a kan cinyarki, kina tauna goro kina mita wai gashina kamar na bunsuru. Faten accarki da yakuwa — Inna ta hana ni ci, nakan zagaya ta bayan banɗaki in ci in goge baki. Ba 'yar garin ba ce ke, daga kudancin Kaduna mijinki ya kawo ki, coci kike zuwa, ya rasu a bakin aiki ya bar ki a ɗaki ɗaya. 'Ya'yanki biyu sun riga shi. Mata a bakin famfo suna cewa mace ɗaya gawa uku, a dai bincika. Ina ji. Ina 'yar shekara tara amma ba kurma ba ce ni.

Da zazzaɓin ya zo Inna na jego, kwananta shida da haihuwa, ba ta iya ko sunkuyawa. Wa ya zauna a kaina? Ke. Tsumma da ruwan randa, kina shafa mini goshi, kina wata waƙa da yarenku. Hannunki sanyi ƙalau. Kwana biyu. Rana ta uku gwaggona ta iso daga ƙauye, ta gan ki a bakin tabarmata, ta ce wa ya bar wannan ta taɓa yarinya? Aka sallame ki da na gode ta fatar baki. Kaina kamar ana daka sakwara a ciki, hannun gwaggo kaushi, zafi… wa zan kira? Wa yaro ke kira in yana ƙuna? Mai hannun sanyi na kira. Iya Yashim, Iya Yashim. Zuwa nake so ki yi.

Kin kuwa zo. Su suka kawo ki.

Aliyya ta maƙala mini wani ɗan makirfo a wuyan riga, yatsunta na taɓa fatata, tana ce mini in ƙirga ɗaya zuwa goma. Ɗaya, biyu, uku… muryata lafiya lau, ikon Allah. Ta sa abin ji a kunne tana murmushi. Kyakkyawa ce 'yata, goshin babanta, taurin kaina. Ta ce fatalwar Japan a zane-zanensu na da ba ta da ƙafa, daga gwiwa sai hayaƙi. Tawa ƙafa kawai gare ta. Ina kwance a tsakar gida, abin da na gani ke nan — ƙafafu biyu masu faso, ɗan yatsa ɗaya ba farce, sun ɗaga sun wuce ta kaina. Sau uku. Kina ɗaga su sama sosai don kar ki taɓa ni ko da kuskure. Maza a kan katanga, yara a kan bishiyar darbejiya, wani na cewa a ƙara, a ƙara.

Da safen ranar Baba ya kawo mai ba da magani na asibitin ma'aikata ya yi mini allura. Wannan ba na saka shi a labarin, ɓata shi yake. Shekara ashirin da biyu ina aikin asibiti, na san abin da allurar zazzaɓin cizon sauro ke yi, na san awa nawa take ɗauka. Na sani sarai. Amma a gidan suna sai in ce washegari na tashi na sha koko, in bar wajen allurar fayau. Warkewata ita ta gama da ke. Da na mutu ma wataƙila wani ya ce ko ba ita ba ce… na warke, sai ya zama shaida. Ba mai sayen kunun da kike sayarwa. Duwatsu a kan kwanon ɗakinki. Wata ɗaya kika yi, ranar wata Talata na hango ki a tasha da akwatin ƙarfe a ka, na ɓuya a bayan tankin ruwa. Ina kika sauka? Wa ya karɓe ki? Wa ya binne ki? Ban taɓa tambaya ba. Ina da waya, ina da 'yan uwa a Kaduna, a cocin su Olive abokiyar aikina rabin mutanen daga yankinku suke — ban taɓa tambaya ba.

Yarinya ce ni, ai yarinya ce. Zazzaɓi ne. Wa zai kama yaro da laifin sambatu? Haka nake gaya wa kaina tun ina sakandare, kuma yana aiki, yana aiki sosai, sai an zo wajen nan… wajen da ko ni ba na tsayawa. Kafin tsallaken. Rana ta ɗaga, allurar ta fara aiki, gumi ya karyo mini, idona ya washe. Ina ganin kowa tar. Kawu Munzali ya durƙusa ya tallafo kaina, ya nuna ki, kina riƙe da bakin zaninki da hannu biyu, ya ce, “Haula, dube ta da kyau. Ita ce?”

Ba sambatu a lokacin. Na san ki, na san abin da yake tambaya, na san abin da za su yi. Kika kalle ni, ba roƙo a idonki, kamar ma so kike ki ga ko jikin ya yi sauƙi. Inna na kuka a bakin ƙofa da jariri, gwaggo na huci, duk kwatas ɗin ni suke kallo — ni da ba a taɓa kallo ba. In ce a'a, in ce kewarta nake yi, in ce ina cin abincinta a ɓoye? Tsoro ne? Ko daɗin kallon ne? Shekara arba'in da biyar ban raba su ba. Na gyaɗa kai. Sau ɗaya, kaɗan. Ya ishe su.

To wa ya ci wani a tsakaninmu, Iya?

Aliyya ta koma bayan kyamara. Ta ce in kalli gilashin kar in kalle ta, in yi a hankali, in na ji tsoro ba komai tana nan. Tana nan, wai. Jan ɗigon kyamara ya kama.

“Mama, wannan karon kar ki ce wata mata,” in ji ta, da Hausa, kalma bayan kalma, ta yi ta haddace shi na sani. “Malamina ya ce suna yana sa abu ya zama gaskiya. Ki fara da sunanta.”

Sunanki. A gaban mutane kuma, a karo na biyu, ba tsakar gida ɗaya ba yanzu, aji guda, allon silima, duk wanda ya danna waya. In faɗa yadda take so, ta sami digirinta, ta ci gaba da zama a gefen gadona. In faɗa yadda yake… ga ta tana ɗaga mini babban yatsa, fuskarta fal murna, ba ta taɓa alfahari da ni haka ba. Na buɗe baki. Harshena ya hau kan harafin farko ya tsaya. Na gaji, Iya, wallahi na gaji — kuma har yanzu ban san me zai biyo bayan sunan ba.