Babban Yatsan Baba

Tunda yanar ido ta rufe wa Baba gani, rediyo ta zame masa titi da kasuwa da majalisa. Tsohon direban babbar mota ne, ya cinye ƙuruciyarsa a kan sitiyari, yanzu kuwa daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai an riƙe masa hannu. Duk mai neman shugabancin ƙasa da ya buɗe baki a rediyo, Baba zai saurare shi har ƙarshe, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, amma bai taɓa cewa ga nasa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ina sauraren ƙarar injinsu tukuna."

'Yan takara suna da yawa, amma a gidan nan kan mutum biyu ake tayar da jijiyar wuya. Yaya, babban ɗan gidan mai shagon kayan gini, yana bayan Tsohon Minista mai alamar tsani. Auta mai walda yana bayan Likita mai alamar agogo, ko sunan Minista ba ya son ji. Lokacin da Ministan yake riƙe da ma'aikatar ayyuka aka faɗaɗa babban titi, katafila ta zo da safe ta kwashe rumfar Auta har da ƙofofin mutane da bai gama haɗawa ba. Har yau a lungu yake aiki, inda mai wucewa ba ya ganinsa.

Ranar zaɓe da safe Umma tana gyara wa Baba wuyan riga, 'ya'yan biyu suna tsaye kowa da katinsa a hannu. Doka ta yarda marar gani ya shiga da mutum ɗaya da ya amince da shi, ya kai masa yatsa kan takarda. Yaya har ya miƙo hannu.

"Auta ne zai shiga da ni," in ji Baba.

Yaya ya tsaya da hannu a miƙe. "Wannan? Baba, wallahi kana cewa tsani zai kai ka agogo, ka fito kana sa masa albarka."

"Wa ya ce maka tsani zan ce?"

"To ko me za ka ce. Kai, ɗan walda, dube ni nan. Ƙuri'ar tsoho ce fa, ba ƙarfen da za ka lanƙwasa ba."

"Ka ji shi, Umma," in ji Auta yana dariya. "Wanda ko siminti ya sayar sai an sake aunawa."

"Ku tafi ku ba ni wuri, kunnena ya gaji," in ji Umma.

Dariyar Auta iyakarta baki. Maganar Yaya ta zauna masa a ƙirji, don abin da ya faɗa ɗin ya riga ya zo masa a rai tun kafin yau, ba sau ɗaya ba. Kullum yakan kore shi da cewa ai Baba Likita zai zaɓa, mutumin da ya yi alkawarin aikin ido kyauta ga tsofaffi. Wa zai ƙi wanda zai buɗe masa ido?

A hanya Baba ya dafa kafaɗarsa, suna tafiya a hankali, Yaya yana gaba yana gaisawa da mutane. Auta ya gwada sa'arsa.

"Baba, ka ji abin da Likita ya ce a kan asibitoci kuwa?"

"Na ji. Yana da daɗin murya."

"Shi ke nan?"

"Ka kula da kwata, na ji warinta."

A makarantar unguwa ake zaɓen. Layi ya fito daga aji ya zagaye bishiya ya nufi bakin ƙofa, rana ta fara zafi. Da aka ga tsoho da sanda sai aka buɗe musu hanya, wani mai nama a layi ya ɗaga murya, "Direba! Yau kai ne fasinja!" Baba ya ce, "Fasinja ne, amma ni zan faɗi inda za a sauka." Aka yi dariya.

A cikin ajin an ture bencina gefe. Jami'ar zaɓe ta duba katin Baba, ta dubi Auta ta saman tabarau.

"Kai ne ɗansa? To ji nan. Abin da ya ce shi za ka yi. Ba shawara, ba gardama. In kun fito kuma ba ka faɗa wa kowa, ko uwarka. Ka yarda?"

"Na yarda."

Wakilan jam'iyyu suna zaune a jere jikin allo, duk sun zuba masa ido. Wakilin tsani abokin Yaya ne, ya kuma san Auta sarai. Ya leƙo kamar zai yi magana, jami'ar ta harare shi ya koma.

Wurin dangwalawar ɗan tebur ne a kusurwa, an kewaye shi da kwali, mutum biyu da ƙyar suke shiga. Auta ya shimfiɗa takardar. Alamomi ne a jere daga sama har ƙasa, kowace da ɗan akwatinta. Sai ya ga tsani da agogo maƙwabta ne, agogo a sama, tsani a ƙarƙashinsa, tsakaninsu siririn layi kawai.

"Karanta mini su," in ji Baba ƙasa-ƙasa.

Ya karanta. Kwale-kwale, guduma, agogo, tsani, har zuwa ƙarshe. Baba ya shiga maimaita su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. A waje wani ya fara ƙorafi, "Malama, barci suke yi a ciki ne?"

"Baba, ana jira."

"Su jira. Na kwana uku a bakin gada ina jiran a buɗe hanya, ban mutu ba." Ya ja numfashi. "Tsani."

Auta ya juyo ya dube shi.

"Baba..."

"Na san shi ya rushe maka rumfa. Ban manta ba, ni na ji kukanka ranar. Amma a wancan titin kafin a gyara shi, da hannuna na ɗauko yaran mota huɗu daga ƙarƙashin kaya. Tunda aka faɗaɗa ban ƙara jin an ce mota ta kife a kwanar ba. Shi Likita bai taɓa tuƙa komai ba, ban san yadda yake taka birki ba. Wataƙila ya fi shi. Ni dai wanda na ga aikinsa lokacin ina da ido, shi zan ba. Kama."

Ya miƙo hannu. Auta ya kama babban yatsan, busasshe, mai kanta irin ta sitiyari, ya danna shi a tawada. Yatsan ya saki jiki gaba ɗaya a hannunsa, ko ina aka kai shi zai je.

Ya ɗaga shi bisa takardar, sai hannunsa ya tsaya.

Ba wanda yake gani. Kwalin ya rufe su, takarda za a naɗe ta a jefa cikin dubbai. Ɗan matsawa sama kaɗan, faɗin ƙwayar wake, shi ke nan. Ai don Baban ne ma, in ji zuciyarsa, in Likita ya ci a yi masa aiki ya ga jikokinsa. Ya tuna ƙarar katafila, da yadda kwanon rumfarsa ya naɗe kamar takarda. Hannunsa ya gusa sama da kansa. Tawada ta taru a bakin yatsan tana shirin ɗiga, in kuwa ta ɗiga a kan layi ƙuri'ar ta lalace, ba ta Baba ba ta kowa.

Baba yana tsaye, fararen idanunsa suna kallon kwali, numfashinsa yana taɓa kunnen Auta.

"Malam, ku hanzarta," in ji jami'ar.

Auta ya cije leɓe, ya dawo da yatsan ƙasa, ya danna shi tsakiyar akwatin tsani, ya riƙe har ya tabbata ya kama. Ya hura wa tawadar iska don kada ta shafi wani wuri, ya naɗe takardar, ya sa a hannun Baba, ya kai hannun bakin akwati.

Yaya yana jiransu a gindin bishiya.

"Me ya ce? Ina ka kai shi?"

"An hana ni faɗa."

"Ka ji ko, Baba! Da ka ga fuskarsa, kamar wanda ya fito daga ɗakin tiyata. Wallahi ya yi wani abu."

Auta ba shi da shaida ko ɗaya, kuma ba zai taɓa samu ba. Baba ya laluba ya kama wuyan hannunsa, ya ja shi gefe kaɗan.

"Hannunka ya daɗe a sama," ya ce a hankali.

"Ya daɗe, Baba."

"Har ya tafi wani wuri."

"Ya tafi."

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

Baba ya riƙe wuyan hannun bai saki ba, kamar mai auna zazzaɓi. Can ya sake shi.

"To je ka bi layi ka yi taka. Ka ba mai agogonka."

Yaya ya matso. "Taso in kai ka gida, Baba, rana ta yi. Layin nan sai la'asar."

"Samo mini benci," in ji Baba. "Nan zan zauna. Auta ne zai mai da ni."