An 'Yanta Zosimus a Jajiberin Saturnaliya

Tun yana saurayi Zosimus yake ɗaukar kwanukan abinci a gidan Numeriyus mai sayar da man zaitun, can gangaren unguwar Subura a birnin Rum, har furfura ta cinye masa kai. Shi ke shigo da abinci, shi ke zuba ruwan wanke hannu, shi ke kwashe ƙasusuwa. Numeriyus ya sha yi masa alkawarin 'yanci, amma alkawarinsa irin na mai ƙoshi ne, gari na wayewa ya manta. Bana da ya kuskura ya furta a gaban baƙi, sai Zosimus ya riƙe maganar gam. Ya bi shi da ita kasuwa, ya bi shi da ita gidan wanka, har maigidan ya gaji.

"To bari a gama biki," in ji Numeriyus. "Gobe bikin Saturnaliya, yau alƙalai za su rufe."

"Shi ya sa na ce yau, ranka ya daɗe."

Haka aka yi. Wanzami ya yi masa aski ƙwal, irin wanda ake yi wa bawan da za a 'yanta, alƙali ya taɓa shi da sanda yana hamma, Numeriyus ya juya shi sau ɗaya ya sake shi. Aka miƙa masa hular ulu mai tsini, wadda duk wanda ya gan ta a kan mutum ya san jiya bawa ne, yau ɗa. Zosimus ya rungume ta kamar jariri. Murna ta rufe masa ido har bai tuna wace irin rana ce gobe ba.

Da sassafe ya kafa hular, ya gyara tsininta ya kalli gaba, ya fito yana tafiyar da ya daɗe yana gwadawa a bayan rumbun mai. Sanyi na cizon ƙeyarsa, ana ɗan yayyafi, bai damu ba.

Mutum na farko da ya gani mai suyar kifi ne, da hula mai tsini a kansa. Na biyu wani attajiri ne mai tumbi, shi ma da ita. Yara da ita, masu gadi da ita, 'yan caca da suka baje a tsakar titi da ita. Wani ma ya ɗaura wa alfadarinsa. Sai a lokacin Zosimus ya tuna: a Saturnaliya kowa ke sa hular 'yanci, bawa da ubangidansa. Shi kansa ya sha aro ya sa.

Ya daure ya tsaya wurin mai kifi, wanda suka daɗe da sanin juna.

"An 'yanta ni fa."

"Mu ma! Iyo Saturnaliya!" in ji mai kifi, yana ƙwala kirarin bikin.

"A'a, ni da gaske nake. Gaban alƙali."

"Kai, ka fara sha da wuri, tsoho. Ina ka samo? Akwai saura?"

Zosimus ya tuɓe hular ya nuna masa kansa yana ƙyalli. Mai kifi ya sunkuyo ya duba da kyau, ya ja da baya, ya janye tiren kifinsa.

"Ƙwarƙwata ce? Ka shafa man zaitun da toka. A gidanku ai man ba ya wuya."

Haka ya yi ta fama har dandalin gari. Duk wanda ya faɗa wa sai ya rungume shi, ya yi masa ihu a kunne, ya cusa masa kyandir ko 'yar tsanar yumɓu a hannu. Taron ya tura shi har gindin matakalar ɗakin Saturnus, allahn shuka, inda ake kwance zaren ulun da ke ɗaure da ƙafafun gunkin duk shekara. Da aka warware na ƙarshe, jama'a suka kaure da sowa. Wata tsohuwa mai sayar da kabeji da ke gefensa ta share hawaye da bakin mayafi.

"Kakata ta ce a zamaninsa ba shinge a gona, ba bawa ba ubangida," ta ce. "Dubi, shi ma sun sake shi ya sha iska. Biki na ƙarewa su mayar masa da ɗaurinsa."

"Ni nawa ba za a mayar ba, iya," in ji Zosimus.

Ta dube shi da tausayi, ta dafa masa kafaɗa. "Kowa haka yake cewa ranar farko, ɗana. Ka riƙa sirkawa da ruwa."

Ya kama hanyar gida ransa a jagule, hannuwa cike da kyandirori. Abu ɗaya ke sanyaya masa zuciya: liyafar rana. Yau masu gida ke hidima, bayi su kishingiɗa a kan gadajen cin abinci. Shekara da shekaru gadon da ke kusa da kaskon wuta nasa ne, kuma ba abin da yake jin daɗinsa a duniya kamar ya miƙa ƙoƙo Numeriyus ya cika masa.

Ya tarar har an yi ƙuri'ar sarkin biki, ta faɗa kan Bito mai kula da jakuna, wani dogo mai muryar ganga. An naɗa masa labulen ƙofa a kafaɗa, yana riƙe da ludayi a matsayin sandar mulki. Talusa mai dafa abinci ta miƙe ƙafa a gado tana ɓare ɓaure. Zosimus ya wuce wurinsa ya baje, ya yi ajiyar zuciya.

"Wane ne wancan?" in ji Bito.

"Ni ne mana, Bito. Ka makance?"

"Sarki za ka ce. Talusa, gadon nan na su wa ne?"

"Na bayi, ranka ya daɗe."

"Wancan bawa ne?"

"Ina! Ai tun jiya ya hana mu barci da labarin sandar alƙali."

Zosimus ya tashi zaune. Tun safe yake neman mutum ɗaya da zai yarda an 'yanta shi, ga shi ya samu ɗaki guda.

"Ku tsaya," ya ce. "Maganar nan ba ta gama nuna ba. Alƙalin ma hamma yake yi. Ni ban tabbata sandar ta taɓa ni ba, iskarta kawai na ji."

Talusa ta miƙa hannu ta fizge hular. Kai ya bayyana fes.

"Ƙwarƙwata ce," in ji Zosimus.

Ɗakin ya fashe da dariya. Bito ya buga ludayi a tebur ya yanke hukunci: ɗa ne, kuma 'ya'ya yau madafa suke. Haka Zosimus, wanda ya yi shekara cur yana hidima yana jiran wannan yini, ya karɓi hularsa ya nufi madafa.

Hayaƙi ya tarar kamar ana ƙona gona. Numeriyus na durƙushe yana hura ɗanyen itace, ido jajur. Uwargida Kaisiya ta haye kan buhun gari ta tattare zani. A tsakiyar ɗakin kuwa ga wata ƙatuwar dinya, fara sol, tana huci. Ita ce naman liyafa. Sauran shekaru Talusa kan yi dahuwar tun jajibere, su masu gida ɗumamawa kawai suke yi. Bana ta ce tunda za a samu ƙarin ɗa a gidan, hannu ya isa.

"Yawwa, Zosimus!" in ji Numeriyus. "Yanka ta."

"Ni? Ranka ya daɗe, ni a dafe na san su."

Suka yi shawara su kama ta tare. Numeriyus ya zagaya ta baya da kwando, Zosimus ya tunkare ta ta gaba yana mata magana mai daɗi. Dinyar ta dube shi, ta miƙe wuya, ta cafke shi a cinya. Ya ƙwala ihu ya yi tsalle, kwandon Numeriyus ya sauka a kansa, Kaisiya ta wurgo albasa ta samu mijinta a goshi. Dinya ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta fice, fukafukai a buɗe, sai ɗakin liyafa. Kafin su iso ta haye tebur ta tsaya a cikin kwanon zaitun.

Bito ya miƙe da labulensa. "Wa ke cin zalin baiwar nan a ranar Saturnus?" Ya ɗora mata ludayi a ka, ya sa aka juya ta sau ɗaya. "Je ki, ke ɗiya ce."

"Haba!" in ji Zosimus, yana riƙe da cinya. "Ni sai da na yi furfura! Wannan jiya aka sayo ta!"

"Ta fi ka cizo," in ji Talusa.

Suka koma madafa ba nama. Sai wake da kabeji, da cuku da gurasar jiya. Wutar ta kama daƙyar. Kaisiya na yanka kabeji kamar mai faskare, Numeriyus na juya tukunya da goshi a kumbure. Da waken ya yi laushi, ya nuna babbar tukunyar da haɓa, yadda ya saba.

"Ɗauki ka kai musu."

Zosimus ya sunkuya, hannuwansa har sun kama kunnuwan tukunyar da kansu. Sai ya tsaya. Ya miƙe a hankali.

"Na ƙi," ya ce.

Kaisiya ta ajiye wuƙa. Shi kansa ya tsorata, ya ɗan rufe ido yana jiran abin da zai faɗo. Ba abin da ya faɗo. Numeriyus ya sosa kumburinsa.

"To," ya ce. "Ai kana da iko."

"Na ƙi," Zosimus ya sake cewa, don ya ƙara jin ɗanɗanonta. Ya juya wurin Kaisiya. "Uwargida, ke ma sa ni wani abu."

"Miƙo min gishiri."

"Na ƙi!"

Dariya ta kama shi har ya dafa bango, hawaye na bin hayaƙin fuskarsa. Numeriyus ya naɗe hannun riga ya rungumi tukunyar da kansa. Ya ɗaga ta, ya yi tangaɗi, romo ya zubo masa a yatsun ƙafa, ya ciji leɓe bai kira kowa ba. Zosimus ya tsaya yana kallon tsohon nan da suka tsufa tare yana nishi. Ya matsa ya kama kunne ɗaya.

"Saki nan, za ka ƙone. Ba don ka ce ba fa. Ni na ga dama."

"Na ji. Na gode."

Tare suka shiga da ita, kowa da kunnensa. Zosimus ya zuba wa Bito, ya zuba wa Talusa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya yi duk rayuwarsa ne, kwanukan ma su ne, amma yau sai ya ji kamar baƙi ya tara a gidansa. Aka yi ta ƙorafi. Waken ba gishiri, kabejin ya ƙone ta ƙasa, ta sama ɗanye. Aka cinye tas. Sarki ya umarci 'ya'yan gida uku su yi waƙa a tsaye da ƙafa ɗaya. Numeriyus da Kaisiya suka yi. Zosimus ya ce ya ƙi, sannan ya yi, ya ma fi kowa ɗaga murya, har karen maƙwabta ya amsa.

Rana na shirin faɗuwa aka kunna kyandirori, Talusa ta jawo wani kwano da ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta. Wainar zuma ce, irin wadda sau ɗaya take yi a shekara, wadda Zosimus kan yi mafarkinta tun bazara. Ta raba wa kowa, saura ɗaya, mafi girma, zuma na ɗiga daga gefenta. Ta miƙo masa.

"Ungo, ɗan gari. Karɓi ka ci."

"Na ƙi," in ji Zosimus, bakinsa ya riga hankalinsa.

"To," in ji Talusa, ta jefa ta a baki gaba ɗaya.